Ta'aziyyar Dakta Jikalle, Wadda Ta Rasu a Hanyar Neman Ƙwarewa

Cikin alhini, da kuma wani ɓacin rai da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, reshen Asibitin Koyarwa, ta samu labarin rasuwar 'yar'uwarmu kuma abokiyar aikinmu, babba a cikin masu neman ƙwarewa a Sashen Tiyatar Ƙoda da Mafitsara, wadda duk asibitin nan, tun daga masu gadin ƙofa har zuwa shehunan malamanmu, suka fi sani da Dakta Jikalle. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi abinSa ranar Talatar da ta gabata, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sakamakon hatsarin mota, a kan hanyarta ta zuwa wani asibiti mai nisan tafiyar awa biyar, inda takan je ta yi ayyukan tiyatar da ya kamata a ce a ɗakin tiyatarmu take yin su. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, ta bar mahaifiyarta, da maigidanta, malamin makarantar sakandare, da 'ya'ya mata biyu, da ƙanne huɗu.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai girma mahaifiyar marigayiya, uwa a gare mu baki ɗaya, da maigidanta Malam, da 'ya'yanta da ƙannenta, da mai girma Shugaban Sashe, Farfesa, wanda shi kaɗai ya rage mana a cikin ƙwararrun sashen, da Shugabar Ma'aikatan Jinya ta ɗakin maza tare da dukan ma'aikatanta, da kuma ɗimbin marasa lafiyar da ke hannunta. Mun san yadda aka saba rubuta irin wannan takarda: a yabi mamaci, a yi addu'a, a naɗe tabarma. Za mu yaba, za mu yi addu'a. Amma majalisar zartarwar ƙungiya, a zamanta na jiya, ta umarci a faɗa wa jama'a yadda aka yi har ta hau wannan hanya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutuwa ta Allah ce, ba mai ja da wannan. Sakaci kuwa na mutane ne.

Marigayiya 'yar tela ce. Mahaifinta ya yi shekara bakwai da robar fitsari a jikinsa, saboda kumburin nan da ke toshe wa maza fitsari idan shekaru suka ja, yana zaune a kan keken ɗinki da jakar fitsarin ɗaure a ƙwaurinsa a ƙarƙashin wando, yana jiran ranar da layi zai zo kansa a yi masa aiki, har ya koma ga Allah layin bai zo ba. A lokacin tana aji uku a makarantar koyon likitanci, ita ce kuma ke raka shi a canza robar duk wata. Ba ta cika son ba da wannan labari ba, sai dai duk wanda ya tambaye ta abin da ya kai mace wannan fanni da mafi yawan masu zuwa cikinsa dattawa maza ne, takan ce, "Na ga yadda fitsari ke ƙasƙantar da mutum mai mutunci. Na ce in Allah Ya yarda ba zan tsaya kallo ba."

Sau huɗu ta nemi gurbin horo a wannan sashe, kuma muna so a san yadda kowanne ya ƙare, don masu zama a kujerun tantancewa su ji da kunnensu. A karo na farko ta ci jarrabawar share fage da sakamakon da ya fi na kowa a cikin masu nema goma sha tara, aka liƙa sunaye biyu a allon sanarwa, ba nata, ba kuma wanda ya yi mata bayani. A karo na biyu fayil ɗinta ya ɓace a ofishin karɓar takardu, ta yi mako uku tana zarya daga ƙaramin asibitin karkarar da take aiki, ana ce mata ta dawo gobe, sai bayan an rufe karɓa da kwana biyu aka gan shi a ƙarƙashin wasu tsofaffin jaridu a kan kabad. A karo na uku ta kai har gaban kwamitin ganawa, inda ɗaya daga cikin manyan da ke zaune, maimakon ya tambaye ta aikin ƙoda, ya tambaye ta ko mijinta ya san irin wuraren da za ta riƙa dubawa a jikin maza. Waɗanda suke wurin sun shaida mana cewa ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ranka ya daɗe, ya sani. Shi ne ma ya buga mini takardar neman." Ba a ɗauke ta ba. Kafin shekara ta zagayo wa'adin jarrabawarta ta share fage ya ƙare, dole ta sake zama ta rubuta abin da ta riga ta ci, da tsohon ciki, ta kuma sake ci. A karo na huɗu ma ba ita aka zaɓa ba. Wanda aka bai wa gurbin ne ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi ko sallama babu, sai aka tuna da ita, aka kira ta a waya ana ce mata ta zo ranar Litinin in har tana so. Ta zo tun ranar Asabar.

Sunan da aka san ta da shi a watanta na farko ta samo shi. An kawo wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ya yini guda bai yi fitsari ba, mararsa ta kumbura kamar tulu, yana gumi yana salati. Da ta ja labule ta shigo da kayan aiki, sai ya dube ta ya ce, "Yarinya, je ki kira mini likita." Ta ce, "Baba, ai likitan ke nan a gabanka. In namiji kake so, akwai shi ranar Alhamis, sai dai ban sani ba ko fitsarin ya san Alhamis." Duk da azabar da yake ciki sai da ya yi dariya, ya ce ta yi abin da za ta yi, shi ya rufe ido. Da ta sa masa roba ya samu sauƙi, sai ya kama kuka, yana cewa ko jikar da ya haifi uwarta ba ta taɓa yi masa abin da wannan jikalle ta yi masa ba. Daga ranar sunan ya bi ta. Dattawan ɗakin maza kan yi gardama a kan wanda zai aure ta in ya warke, ita kuma takan ce duk wanda bai sha maganinsa ba ta fasa da shi. Mun ga masu taurin kai da suka gagari 'ya'yansu suna haɗiye ƙwaya a gabanta kamar yaran goye. Ba a maza kaɗai ta tsaya ba: matan da haihuwa ta bar su da yoyon fitsari, waɗanda kan zauna can ƙarshen benci saboda kunya, ita ta roƙa aka ware musu safiyar Laraba, ta kuma samo labule mai kauri ta rataya da hannunta.

Horon da ta shiga na shekara shida ne. Ta rasu a shekara ta tara. Muna so jama'a su fahimci cewa ba faɗuwa jarrabawa ta yi ba ko sau ɗaya. Lokacin da ta shigo, sashen na da ƙwararru huɗu. Ɗaya ya yi ritaya, biyu suka bar ƙasa, ba a maye gurbin ko ɗaya ba. Sau uku ana canza mata mai duba aikin bincikenta, kowanne ya zo sai ya ce taken bai yi masa ba, a sake sabo, ta tattara bayanan marasa lafiya ɗari biyu da ta kwashe shekara tana tarawa ta zuba a kwali. Da ta haifi 'yarta ta biyu ta yi hutun wata uku, aka ce shekarar gaba ɗaya ba ta shiga lissafi ba. Ta karɓi duk wannan da haƙurin da mu kanmu yakan ba mu haushi, domin idan muka taru a ɗan ɗakinmu na hutawa, mai kujera uku da fankar da ba ta juyawa, muna zage-zage, ita tana gefe tana karatu, in ta ɗago sai ta ce, "Ku gama ku zo mu yi zagayen duba marasa lafiya, masu ciwo ba su yi wa kowa laifi ba."

Sai kuma maganar na'ura. Akwai na'ura mai siririn bututu da ƙaramar kyamara a bakinsa, wadda ake zura ta ta hanyar fitsari a ga cikin mafitsara, a cire tsakuwa ko a kankare kumburi ba tare da an tsaga ciki ba. Ba a ba likita shaidar ƙwarewa a fanninmu sai ya yi adadin ayyukan da aka ƙayyade da ita, ƙwararre ya sa masa hannu a littafinsa a kan kowane ɗaya. Tamu ta lalace shekara uku da wata huɗu da suka wuce. Ba gaba ɗayanta ba: gilashin bakin kyamarar ne ya tsage, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Tun daga lokacin tana nan a lungun ɗakin tiyata na biyu, an lulluɓe ta da koren ƙyalle, ma'aikata na ɗora butar shayi a kanta. Saboda rashinta, da rashin ƙwararru, hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa ta rage wa sashen izinin horarwa, ta ce duk mai son kammalawa sai ya je wani asibitin ya cike ayyukansa. Haka muka koma, mu biyar, muna karɓa-karɓa: kowa da makonsa, ya hau motar haya ya yi awa biyar, ya tsaya a bayan 'yan gida yana jiran a ba shi aiki ɗaya ko biyu in sun rage, ya dawo ya tarar da layin marasa lafiyarsa ya ninka.

Wannan ƙungiya ta rubuta wa hukumar gudanarwar asibiti wasiƙa goma sha huɗu a kan wannan gilashi, kuma kwafin kowacce na nan da tambarin karɓa a jikinta. An amsa mana uku. Ta farko ta ce ana duba lamarin. Ta biyu ta ce an kafa kwamiti. Ta uku ta tambaye mu wace na'ura muke nufi. A wannan tsakanin an sake fentin ginin ofisoshi sau biyu, an kafa sabuwar ƙofar shiga mai rubutun ƙarfe, an shirya taron bita a kan inganta hulɗa da marasa lafiya, aka kuma tilasta mana halarta. Duk lokacin da muka samu ganin mai girma Shugaban Asibiti, da fara'a yake karɓar mu, ya ce mu 'ya'yansa ne, kayan na hanya. Mun gaji da jin gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Mai girma Farfesa, da furfurarsa da sandarsa, ya hau benen nan ya fi a ƙirga, har ranar da sakatare ya ce masa ya cike takardar neman ganawa kamar baƙo.

Laifi tudu ne, ba za mu taka namu mu hango na wasu ba. Sau biyu wannan ƙungiya ta yanke shawarar dakatar da tafiye-tafiyen har sai an gyara na'urar, sau biyu muka janye, saboda kowannenmu na tsoron a ce ya cika tsaurin ido a riƙe masa takarda. Mun zaɓi mu bi a hankali mu gama mu wuce. Mai sa hannu a wannan takarda kuma yana da nasa kason da ba zai ɓoye ba: makon da ta rasu makonsa ne. Ayyuka bakwai suka rage mata, rajistar jarrabawar ƙarshe kuma za a rufe ta a ƙarshen wata, in ta wuce sai baɗi. Ta same shi a bakin famfon wanke hannu ranar Alhamis ta ce, "Ƙanena, ka ba ni makonka mana, in Allah Ya so daga wannan na huta da hanyar nan." Ya ba ta, har da tsokanar cewa in ta zama babba kada ta manta da talakawa. Ranar Litinin ta duba mutum hamsin da uku a sashenmu na masu zuwa daga gida, ta rubuta wa kowane majinyaci da ke kwance abin da za a yi masa har zuwa Juma'a, ta bar wa Shugabar Jinya. Ranar Talata da safe Malam ya kai ta tasha a kan babur kafin ya wuce makaranta. Sun yi tafiyar awa uku tayar wata babbar mota ta fashe, ta ƙwace ta hau kansu. Mutum shida ne suka rasu a motar, muna kuma miƙa ta'aziyya ga iyalan sauran biyar ɗin, waɗanda ba mu san su ba amma rashinsu bai fi namu sauƙi ba.

Washegarin jana'iza hukumar asibiti ta aiko da takardar ta'aziyya mai layi biyar, wadda a cikinta aka kira marigayiya "shi" har sau uku, aka yi addu'ar Allah Ya ba matarsa haƙuri. Shekara tara tana aiki a gidan nan, ofishin da ke riƙe da fayil ɗinta bai san ko mace ce ba. Mun karɓi takardar daga hannun masinja kafin ta isa gidan makoki, mun mayar da ita inda ta fito. A ranar ce kuma aka kira Farfesa aka shaida masa cewa an amince a sayo gilashin cikin gaggawa. Muna godiya, amma wannan shi ake kira ihu bayan hari, kuma muna so a rubuta a ajiye cewa abin da wasiƙa goma sha huɗu suka kasa, gawa ɗaya ta yi shi a yini guda.

Saboda haka ƙungiya na sanar da hukumar gudanarwa, da hukumar ba da shaidar ƙwarewa, da jama'a baki ɗaya, cewa daga yau babu ɗanta ko ɗaya da zai sake hawa wannan hanya don cike littafi. Ba yajin aiki muka shiga ba, ba za mu juya wa mara lafiya baya ba, domin da mun yi haka ita ce ta farko da za ta ce mana mun ji kunya. Amma sai mun ga na'urar tana aiki da idonmu, sai mun ga ranar da za a ɗauki ƙwararru an rubuta ta da sa hannu, sai kuma an buɗe yadda ake tantance masu neman gurbi, kowa ya ga makinsa a allo, a daina tambayar mace abin da ba a tambayar namiji. A wannan shekarar mata uku ne suka nemi shiga sashen, dukansu ɗalibanta ne, ita ta zauna da su ta gyara musu takardu. Za mu bi fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya, daga tebur zuwa tebur. In wani ya ga wannan rashin kunya ne, to, mun ɗauka, tura ce ta kai bango.

Ga marasa lafiyarta, musamman iyayenmu dattawa da ke zuwa canjin roba, da 'yan'uwanmu mata na safiyar Laraba: kada kowa ya fasa zuwa ranarsa. Mun raba sunayenku a tsakaninmu mu huɗu. Ba mu iya barkwancinta ba, hannunmu kuma bai kai nata taushi ba, sai ku yi haƙuri da mu. Muna roƙon 'ya'ya da jikokin da ke rako su da su sanar da su tun daga gida, domin jiya wani dattijo ya ji labarin a bakin ƙofar ɗakin dubawa, sai da aka kwantar da shi.

Malam, ba mu da bakin da za mu ba ka haƙuri. Kai ka yi renon yara a makonnin da take tafiya, kai ka koyi kitso don kada su je makaranta kai a tsefe, kai ka riƙa yi mata tambayoyin jarrabawa daga littattafan da ba fanninka ba har ka haddace sunayen da mu kanmu ke karya mana harshe. Allah Ya saka maka, Ya ba ka juriya, Ya raya abin da ta bari, Ya yi musu albarka. Ita kuma Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, Ya sa duk wani bawanSa da ta sauƙaƙa wa azaba ya zama hujja a gare ta ranar da hujja ke da amfani, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Mama, da muka zo gaisuwa kin riƙe hannun Farfesa kin tambaye shi, "Malam, ta gama karatun kuwa? Ni dai kullum na tambaye ta sai ta ce mini ta kusa." Dukanmu muka sunkuyar da kai, muka fito kamar marasa gaskiya. Da muka dawo, Farfesa ya ce a rubuta amsarsa a nan, a kuma karanta miki ita da babbar murya: shekara talatin da biyar yana koyar da wannan aiki, kuma da a ce shi ne yau zai kwanta a kan gadon tiyata, ita zai ce a kira. Ta gama, Mama. Tun tuni ta gama. Takardar ce ba a ba ta ba.

Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.

Sa hannu:
Dakta Dogo,
Kakakin Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa, reshen Asibitin Koyarwa,
a madadin Shugaba da Majalisar Zartarwa.